Ɗan Bahaushen Saudiyya da manyan jami'o'in Amurka: ina lissafin yake karyewa?

Duk shekara idan sakamakon sanawiyya, wato babbar sakandare, ya fito, akwai tambayar da ke zagaya gidajen Hausawa a Jidda da Makka da Madina. Yaro ya ci nisba, wato kashi 98 ko 99 cikin 100, malamai sun yaba, to me zai hana ya nemi Harvard ko MIT, tunda an ce can ko ba ka da halala, wato kwabon Saudiyya, za su ɗauki nauyinka? Maganar ɗaukar nauyin gaskiya ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan nisba ba ta bambanta yaron da kowa ba, domin kusan duk wanda ya nema yana riƙe da irinta. Kafin a zo kanta ma, fasfon da ke hannunsa da aljihun mahaifinsa da makarantar da ya fito sun riga sun yanke rabin hukuncin.

A 2024 mutum 54,008 ne suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,937, wato kashi 3.6 cikin 100. Wannan adadi shi ake ta yawo da shi, kuma yaudara ce babba, domin babu wani mai nema da wannan ne ainihin rabonsa. Shari'ar da aka yi da jami'ar kan yadda take ɗaukar ɗalibai, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Yunin 2023, ta sa an baje takardun cikin gida, aka ga cewa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka, 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo kuwa fiye da takwas cikin goma. Idan aka cire kujerun waɗannan, abin da ya rage wa sauran jama'a ya ragu ke nan. Sannan a cikin waɗanda aka ɗauka, 'yan ƙasashen waje kusan kashi 15 ne, mutum 300 ko kusa da haka, daga ƙasashe 90 da wani abu. MIT ta fi fitowa fili da lissafinta. A 'yan shekarun nan dubban ɗalibai ne ke nema daga waje, ana ɗaukar ɗari da 'yan kai, abin da ke kaiwa kusan biyu cikin ɗari, wata shekarar ma bai kai ba.

Mazaunin Makka ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san yadda kujerar hajji take. Ba da Musulmin duniya kake takara ba, da mutanen layinka kake yi, kuma tsawon layin ne ke nuna ko bana ko baɗi. Jami'o'in nan ba su rubuta wa kowace ƙasa kaso ba, za ma su rantse maka babu, amma mai haɗa aji na mutum 1,600 ba zai kwaso 40 daga gari ɗaya ba. Saboda haka abin tambaya shi ne wane layi ɗan Bahaushen Saudiyya yake bi.

Nan ne lamarin ya yi rassa, domin Hausawan ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne, ko da kuwa a tabarma ɗaya suke cin tuwo. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo a ƙasa tun zamanin Turawa, suka bi ta Sudan suka tsallaka Bahar Maliya, suka sami takardar zama 'yan ƙasa. Su ne masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ɗan irin wannan gida Basa'udiye ne cikakke. Yana da damar neman tallafin gwamnati na karatu a waje, wanda aka faɗaɗa tun 2005 a zamanin Sarki Abdullah, har ɗaliban Saudiyya a Amurka suka haura 60,000 a shekarar karatu ta 2015/16 kafin adadin ya yi ƙasa sosai. Yana kuma iya neman shirin haziƙai na jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, wato KAUST, wanda ke tura yara manyan jami'o'in Amurka da kuɗinsu a hannu. Akwai 'ya'yan likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da suka zo aiki daga Najeriya ko Nijar, yaran suna makarantun Turanci. Akwai kuma mawalid, waɗanda aka haifa a nan, wasu har iyayensu a nan aka haifa, amma iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, suke riƙe da ita da fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi, domin Saudiyya ta wajen uba take ba da ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar ba ta wadatar. Sai waɗanda ba su da takarda ko ɗaya, su kam maganar ba ta ma kai gare su ba, tunda ko zama jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka sai da shaida mai hoto.

Jami'ar Amurka ba ruwanta da wannan tarihi. Duk wanda ba ɗan Amurka ba ne kuma ba shi da katin zama na dindindin, ɗalibin waje ne. Yaron da aka haifa a Houston lokacin da babansa ke karatu, aka dawo da shi Riyad yana wata shida, a wajen tallafi ɗan gida ne. Maƙwabcinsa da suka tashi tare, suka yi aji ɗaya, baƙo ne.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, yawancin waɗannan jami'o'i suna raba takardu ne bisa inda makarantar ɗalibi take. Takardar yarinya mai fasfon Najeriya da ta gama sanawiyya a Jidda ba za ta faɗa hannun mai karanta takardun Legas da Kano ba. Za ta faɗa cikin na Gabas ta Tsakiya, tare da 'ya'yan Indiyawa da Pakistanawa da Misirawa da Labanawa da ke zaune a ƙasashen Larabawa, da yawansu daga makarantun Amurka da Birtaniya na Jidda da Riyad da Dubai, inda kuɗin shekara ke cin dubun dubatar riyal, kuma akwai ma'aikaci na musamman wanda ba shi da aiki sai shirya yara shiga jami'a. A ganina wannan yana da fuska biyu. Takarar ta fi zafi, amma kuma baƙar fata mai jin Hausa da Larabci da Turanci, wadda ta tashi a Makka, ba kullum ake ganin irinta a cikin tarin ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan lamarin. Shekara ɗaya a manyan jami'o'in nan, da karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, a 2024 ta kai dala 85,000 zuwa 90,000. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka lissafin ba wuya: sama da riyal 300,000 a shekara, har shekara huɗu. Ɗalibin waje ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma manyan jami'o'in jihohi irin su Berkeley da Michigan kusan ba sa ba baƙo komai don talaucinsa. Abin da ya rage shi ne jami'o'i masu zaman kansu da ke da tarin dukiyar waƙafi.

Su ma kashi biyu ne. Akwai 'yan ƙalilan da ke yanke hukuncin ɗauka ba tare da sun leƙa aljihun baƙo ba, sannan idan sun ɗauke shi su cike masa duk abin da iyayensa suka gaza: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, daga baya Brown da Notre Dame da Washington and Lee suka biyo. A Maris ɗin 2025 Harvard ta sanar cewa gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ɗansa kyauta zai yi karatu, har ɗaki da abinci. Riyal 375,000 ke nan. A nemo mini direba ko tela ko mai gadi a Shari' Mansur na Makka da ke samun rubu'in wannan. Wato dai ga ɗan talaka, Harvard ta fi kowace jami'ar kuɗi ta Jidda araha, in an ɗauke shi. To amma haziƙin ɗan talakan Dhaka da na Addis Ababa da na Kathmandu su ma sun san haka, shi ya sa ƙofar da ta fi rahama ita ce ta fi cunkoso.

Sauran, ciki har da Stanford da Columbia da Cornell da Chicago, suna duba buƙatar baƙo kafin su ɗauke shi. Suna da wani kaso na kuɗi da suka ware wa 'yan waje, in ya ƙare ya ƙare. Ɗalibi biyu masu maki ɗaya, ɗaya ya rubuta cewa zai biya duka, ɗaya ya rubuta yana buƙatar komai har kuɗin jirgi, ba a ma'auni ɗaya ake auna su ba. Nan ne Basa'udiye mai tallafin gwamnati yake wuce ɗan uwansa mai iƙama, ba don ya fi shi ƙwaƙwalwa ba. Wasu na ba da shawarar wai a ɓoye buƙata, in an shiga sai a nemi taimako. Wannan shawara ce ta ɓata shekara. Jami'o'i da dama sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai nema daga baya ba, kuma takardar I-20 da ake neman biza da ita ba ta fitowa sai an nuna kuɗin shekarar farko.

Cike takardar neman tallafin ma wani aiki ne. Fom ɗin CSS Profile an tsara shi ne don gidan da ke da takardar haraji, Saudiyya kuwa ba ta karɓar harajin albashi. Sai ka ga yarinya ta buɗe kwamfuta ta ce, "Baba, sun ce a kawo shaidar abin da kake samu." Shi kuma ya ce, "To 'yar nan, wace shaida? Abin da ke rubuce a wajen kafili, ubangidana, daban, abin da ke shigowa daban." Mafita ita ce wasiƙar albashi daga wurin aiki, in da hali da hatimin Gurfa Tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, da bayanin banki, da fassara zuwa Turanci, da kuma gajeren bayani na gaskiya a gurbin da aka tanada. A rubuta har kuɗin murafiƙin, wato abin da mai iƙama ke biyan gwamnati kan iyalin da ke zaune tare da shi, wanda aka fara karɓa a Yulin 2017 a kan riyal 100 duk wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020. Gida mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar yana zuba riyal 28,800 a shekara kafin a sayi buhun shinkafa, kuma ma'aikacin da ke zaune a Massachusetts, jihar da Harvard da MIT suke, ba zai san da wannan ba sai an gaya masa.

Mu koma kan nisbar 99. Ko a cikin gida ba a ba ta nauyin da iyaye ke ba ta. Jami'ar Sarki Sa'ud, alal misali, a fannonin kimiyya kashi 30 take ba sakamakon sanawiyya, 30 ga Ƙudurat, 40 ga Tahsili, wato jarrabawoyi biyu na ƙasa da ake yi don shiga jami'a. In har Riyad ba ta gamsu da ita ita kaɗai ba, ina ga Boston? Mai karanta takarda a can yana son ma'aunin da ya sani: jarrabawar makarantun Turanci irin su IB, ko A Level, ko AP, ko kuma SAT. Lokacin korona jami'o'i da yawa sun sauke wajabcin SAT, amma MIT ta dawo da shi a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard da Caltech suka biyo a 2024. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin ƙarin shinge. Ni ina ganin alheri ne ga ɗan makarantar gwamnati ta Larabci. Makarantarsa ba a san ta ba, malamansa ba a san su ba, amma makin SAT 1,500 ko sama cikin 1,600 yare ne da kowa ke ji, kuma idan ya fito daga unguwar da ba a saba ganin haka ba, nauyinsa ya fi na ɗan makarantar masu kuɗi. Sai dai ɓangaren Turancin ne ke kayar da yawancin yaranmu, ga kuma jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL ko IELTS ko Duolingo a gefe.

Wasiƙar shaida ita ce ramin da ba a gani. Ana son wasiƙa daga malamai biyu da kuma mai ba ɗalibai shawara, wadda za ta nuna yadda yaron yake tunani, da misali, da abin da ya taɓa faɗa a aji wanda malamin bai manta ba. Ɗalibi zai je wajen mudir, wato shugaban makaranta, ya yi bayani, mudir ya karɓe shi hannu biyu, ya ciro takardar kyawun hali da ake ba kowa, layi uku, ya buga hatimi. Da zuciya ɗaya ya yi, haka aka saba. Amma a can za a karanta ta a matsayin ba shi da abin faɗa game da yaron. Dole ɗalibi ya zauna da malamin lissafi ko na kimiyya tun da wuri, ya nuna masa irin abin da ake nufi, malamin ya rubuta da Larabcinsa a fassara.

Inda nake ganin yaranmu suna zubar da arzikinsu shi ne wajen rubutun bayanin kai, mai kalma 650 a manhajar Common App, da jerin ayyuka goma na wajen aji. Suna duba abin da 'yan makarantun Turanci ke rubutawa, ƙungiyar muhawara, wasan piyano, sai su ce su ba su da komai. Alhali yaron ya haddace Alƙur'ani, yana koyar da ƙannai a halƙar masallaci. Duk lokacin aikin hajji shi ne tafinta tsakanin tsohuwa daga Gumel da likitan asibiti. Lokacin rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya share unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil, shi ya yi ta yawo da mahaifinsa neman haya, ya sauya makaranta a tsakiyar shekara, nisbarsa ba ta faɗi ba. Ɗawainiyar gida da kula da ƙanne duk ana lissafa su a matsayin aiki. Abin gudu kawai shi ne mayar da rubutun kukan neman tausayi, ko ba wani ya rubuta. Masu karantawa sun ga dubbai, suna gane muryar ɗan shekara 17 da ta ɗan shekara 40.

A ce duk an tsallake, wasiƙar albishir ta iso a ƙarshen Maris. Saura biza. Ana biyan dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da 185 na neman bizar, a je Riyad ko Jidda ko Zahran a yi hira. Dokar Amurka ta ɗora wa ɗalibi nauyin ya gamsar da jami'i cewa yana da gidan da zai koma. Ga mawalid wannan tambaya ce mai ciwo. Zamansa a Saudiyya rataye yake da iƙamar mahaifinsa, ƙasar da ke jikin fasfonsa kuwa wataƙila sau ɗaya ya taɓa taka ta. Sannan siyasa ta shigo. A Yunin 2025 gwamnatin Trump ta rufe ƙofa ga 'yan ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan. A Disambar shekarar aka faɗaɗa jerin, Nijar da Mali da Burkina Faso suka shiga cikin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa da wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Dokar fasfo take bi, ba wurin zama ba, kuma Saudiyya ba ta cikin jerin. Irin wannan umarni na shugaban ƙasa yana iya sauyawa da sa hannu ɗaya, don haka wajibi ne a bincika halin da ake ciki kafin a kashe ko riyal ɗaya.

To mene ne damar? Bahaushe mai ɗan ƙasa, mai SAT mai kyau da tallafi a bayansa, yana da dama ta gaske a jami'o'i masu daraja da yawa, ko da yake su Harvard ɗin nan ba su da tabbas ga kowa. Ɗan ma'aikaci mai IB ko A Level wanda iyayensa za su iya biyan wani kaso, in ya sauko daga sunaye goma da kowa ya sani ya duba ƙananan kwalejoji irin su Grinnell da Macalester, ko na mata zalla irin su Smith da Mount Holyoke, waɗanda wasu iyayen za su fi natsuwa da su, lissafinsa ya gyaru sosai. Yawancin jami'o'in Amurka suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set, a sashen H6 za a ga baƙi nawa suka ba tallafi da matsakaicin abin da suka ba su, kuma minti goma a kan wannan ya fi awa goma a TikTok. Shi kuwa mai iƙama, ɗan makarantar Larabci, mai buƙatar komai, gaskiyar magana damarsa a manyan ba ta kai adadin da ake bugawa ba. Ya nema, tunda ana yafe wa marasa hali kuɗin fom, amma kada gida ya jingina shekararsa a kan haka.

Kusa da gida akwai ƙofofin da ba sa buƙatar bizar Amurka. Reshen Jami'ar New York da ke Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010, yawancin ɗalibansa baƙi ne kuma yana ba da tallafi, sai dai shi ma shigarsa ba wasa ba. A Doha akwai rassan Carnegie Mellon da Georgetown da Northwestern. A cikin Saudiyya akwai minha ta cikin gida, wato gurbin karatu kyauta da jami'o'in gwamnati ke ba mazauna masu iƙama, daban da wadda ake ba masu zuwa daga waje, irin wadda ta kawo malamai kamar marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam Jami'ar Musulunci ta Madina. Kujerun kaɗan ne, galibi ba a haɗa da likitanci, kuma Ƙudurat da Tahsili ne ke magana. Najeriya ma tana nan, JAMB tana da cibiya a Jidda, amma a jami'o'in tarayya kashi 45 ne kawai ake cikewa da cancanta zalla, sauran na bin yanki da jiha, don haka takardar shaidar ƙaramar hukuma ta kakan da ya baro Haɗejia shekara 60 da suka wuce sai ta zama abin nema.

Duk waɗannan hanyoyi lokacinsu ba ɗaya ba ne. Amurka tana rufe karɓar takardun farko ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, wato yaro yana tsakiyar ajin ƙarshe, watanni kafin sakamakon da iyaye ke jira ya fito. Wanda ya bari sai ya ga nisbarsa sannan ya fara tambaya ya riga ya makara da shekara guda. SAT tun aji biyu na sanawiyya ake fara ta. Fasfo kuma a duba shi tun kafin nan, domin sabunta na Najeriya yanzu sai da lambar NIN, kuma sunan da ke jikinsa dole ya yi daidai da na takardar makaranta da na rajistar jarrabawa. Yaro Muhammadu Sani a fasfo, Muhammad Thani a fassarar takardar shaidar makaranta, ana iya mayar da shi daga ƙofar ɗakin jarrabawa a kan wannan kaɗai.